Gidan Yayana a Katy, ruwan Harvey, da takardar da nace ya daina biya

Yayana ya sayi gidan a 2014, a yankin Katy da ke yammacin Houston a jihar Texas. Unguwa ce irin sabbin nan masu titi a share da ciyawa a yanke, ba kogi a kusa balle teku, abin da ke gabas da su kawai wani makeken fili ne na daji da filayen ƙwallo da ake kira George Bush Park, inda muke kai yara ran Asabar su yi guje-guje. Ranar da aka sa hannu a takardu ina wajen, ni na raka shi. Kamfanin da ya ba shi kuɗin gidan ta tsarin musharaka suka ce dole ya yi inshorar gida, ya yi. Sai ya tambaya, to ambaliya fa, tunda muna jin labarin Houston da ruwa? Aka buɗo taswirar gwamnati a kwamfuta aka nuna masa, aka ce gidan yana shiyyar X, wato ba ya cikin wuraren da doka ta tilasta inshorar ambaliya. Mu biyun muka fito da fahimta ɗaya, cewa ruwa ba ya zuwa nan. Kuma fa ba haka aka faɗa mana ba, cewa aka yi ba dole bane, mu ne muka ƙarasa zancen da bakinmu.

Abu na farko da ya kamata mutum ya gane, wanda ni sai da na yi asara na gane shi: a Amurka inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ambaliya. Gobara za ta biya, sata za ta biya, iska ta yaye rufi ruwan sama ya zubo ta sama za ta biya, amma ruwan da ya taso daga ƙasa ya shigo ta ƙofa, wannan ba ruwansu, a rubuce yake cikin takardar da ba wanda ke karantawa. Tun bayan babbar ambaliyar kogin Mississippi ta 1927 kamfanoni suka janye jiki daga harkar, don ambaliya ba kamar gobara bace da za ta ci gida ɗaya ta bar ɗari, ita in ta zo gari guda take ɗauka a dare ɗaya, ba asusun da zai iya. Shi ya sa a 1968 majalisar Amurka ta kafa shirin inshorar ambaliya na ƙasa, NFIP, wanda yanzu yake ƙarƙashin hukumar agajin gaggawa ta FEMA. Za ka saye shi ne a hannun ejan ɗin inshora na unguwa, da tambarin wani kamfani a saman takardar, amma kuɗin da dokokin duk na gwamnati ne. Iyakar abin da zai biya wa gidan zama dala 250,000 ne na gini, sai dala 100,000 na kayan ciki.

Ita kuma taswirar, abin da take nunawa shi ne wuraren da ake hasashen a kowace shekara akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin ɗari ruwa ya ci su. Mutane na ce musu yankin ambaliyar shekara ɗari, sai mai ji ya ɗauka sau ɗaya ake yi a ƙarni, alhali in ka lissafa a tsawon shekara 30 na biyan bashin gida, yiwuwar ta haura kashi 25. In gidanka na cikin wannan layin kuma da bashi irin wanda gwamnatin tarayya ke da hannu a ciki ka saya, to dole ne ka yi inshorar, dokar 1973 ce. In kana wajen layin, ko da taku goma ne, ba mai tilasta ka. Ruwa dai bai san da layin ba.

Shekara biyu Yaya bai waiwayi maganar ba. A Mayun 2015 aka yi ambaliya a Houston, ba ta zo wajensu ba, muka ƙara samun hujja. Sai daren 17 ga Afrilun 2016 aka kwana ana zabga ruwa, da safe titin gidansu ya zama rafi, ruwa ya hau ciyawa ya tsaya kamar taku huɗu da ƙofar gareji, sannan a hankali ya koma. Yaya yace alhamdulillahi kun ga ko wannan bai shigo ba. Matarsa, wadda muke kira Anti, ita abin da ta gani daban ne. Tace ita ta lura ruwan ba gangarowa ya yi ya wuce ba, tsayawa ya yi, kuma ta wajen filin shaƙatawar nan ya fi tsayawa, kwana da kwanaki hanyar da ta ratsa filin a rufe take. Tace Abban yara, ruwan da ya san hanyar ƙofarka zai dawo. Ita ta nemo lambar ejan, ita ta kira.

Abin da ya tsayar da Yaya ba kuɗin bane tukuna, hukuncin ne. Mu da muka tashi a arewa kowa ya san yadda ake kallon inshora, ko ta mota ma don 'yan sanda da jami'an hanya ake yankarta, ba don ana sa ran wani abu ba, kuma mun taso muna jin cewa caca ce. Ba zancen banza bane kuwa, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta saboda garari, wato rashin tabbas, mai yawa da ke cikinta, ta ce mafita ita ce inshorar taimakekeniya, wadda yau ake kira takaful. Akwai kuma manyan malamai irin su Shaikh Mustafa az-Zarƙa da suka tafi a kan halacci. Yaya ya je ya samu wani malami da muke sallah a bayansa bayan la'asar, ni ma ina zaune. Malam bai yi gaggawa ba, ya tambayi waye mai asusun, riba ake nema ko kuwa, akwai takaful na ambaliya a garin da mutum zai iya zuwa? Da aka ce masa asusun gwamnati ne, ba riba yake ci ba bashi ma ake binsa, kuma babu wani madadi, sai ya kawo hadisin Ash'ariyyawa, mutanen da in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai, Annabi (SAW) ya yabe su. Yace shi a fahimtarsa asusun nan ya fi kusa da irin abin da Ash'ariyyawa suke yi, amma akwai masu saɓa masa kuma ba zai ce sun yi kuskure ba, Alhaji ka yi istihara ka duba iyalinka. Na kawo wannan ne don na san da yawanmu nan ne muke tsayawa, kuma tsayawar ta gaskiya ce, ba a raina ta. Abin da nake roƙo kawai mutum ya je ya tambaya da cikakken bayanin irin inshorar da ake magana a kai, kar ya tsaya a kan abin da ya ji yana yaro.

Da ya yarda, sai aka zo kan nawa. A lokacin gidajen da ke wajen layin haɗari suna da wani farashi mai rahusa, cikakken kunshin 250,000 da 100,000 bai kai dala 500 a shekara ba, ƙasa da abin da yake biya na wayoyin gidan a wata uku. Duk da haka Yaya ya so ya ɗauki ƙaramin kunshi, na 150,000 da 60,000, wai ai ko ruwa ya shigo ba zai cinye gidan duka ba. Ejan ɗin, Allah ya saka mata, ta tsaya ta yi masa bayanin wani sharaɗi: in kana so a biya ka kuɗin gyara da sabon kaya ba tare da an cire tsufa ba, sai gidan ya zama nan kake zaune, kuma inshorar ta kai aƙalla kashi 80 na kuɗin sake gina shi, ko kuma ka ɗauki iyakar da shirin ke bayarwa. In ka gaza haka, za a dinga rage maka, a ce ai katakon nan ya shekara goma, kabad ɗin kicin ya tsufa. Bambancin kuɗin kunshin biyu a shekara bai taka kara ya karya ba. Ya ɗauki babban. Ta kuma gaya masa takardar ba za ta fara aiki ba sai bayan kwana 30, ya biya a ƙarshen Afrilu, ta fara a ƙarshen Mayu.

Shekara ta zagayo ba abin da ya faru. Takardar sabuntawa ta zo ana shirin azumin 2017, lokacin da kowa ke tura kuɗi gida, ga kayan azumi na tsofaffi ga ɗinkin sallar marayun dangi ga kuɗin makarantar ƙanne. Yaya ya nuna min takardar a mota yace kai me ka gani? Wallahi da bakina nace Yaya wannan kuɗin da ka tura Kano ya fi lada, ruwan bara da aka ce ba a taɓa irinsa ba ma bai shigo ba, wane ruwa kuma ake jira. Ya jefa ta a aljihun mota. Ranar ƙarewarta ta zo ta wuce. Abin da ya cece shi, shirin na ba da rangwamen kwana 30 bayan ƙarewa, in kuɗin ya isa a cikinsu ana ɗauka kamar ba a yanke ba. Anti ce ta tsinci takardar tana neman wani abu a motar, ba ta yi wa kowa magana ba ta biya da katinta, daga kuɗin ɗinki da turaren wuta da take sayarwa matan unguwa. Sai bayan sallah ta faɗa masa. Har yau in na tuna maganar da na yi a motar nan sai gabana ya faɗi, don saura kaɗan shawarata ta raba yara huɗu da gidansu.

Guguwar Harvey ta sauka a daren Juma'a 25 ga Agusta 2017 kusa da Rockport, can kudu da mu. Iskar ba ita ta dame mu ba a Houston, abin da ya faru guguwar ta zo ta tsaya cak, ta ƙi gaba ta ƙi baya, tana ɗebo ruwa daga teku tana juye mana kwana huɗu. A garin Nederland da ke gabas an auna inci 60.58, sama da mita ɗaya da rabi kenan, kusan ruwan damina biyu na Kano a 'yan kwanaki. Mu a Houston yawancin wurare sun haura inci 30.

Ni a lokacin haya nake, a ƙasan bene, kudu maso yammacin gari kusa da rafin Brays. Ranar Alhamis da na ga yadda ake ta sanarwa a talabijin na kira ejan ɗin nan nace ina son irin ta Yaya, don masu haya ma suna iya yin ta kayan ɗaki kaɗai. Tace za ta yi min, amma in sani sai bayan kwana 30 za ta fara, kuma tun safe mutane ke kiranta da wannan maganar. Daren Asabar ruwa ya shigo mana har gwiwa. Inshorar masu haya da mai gidan ya tilasta mana, ita ma ba ta biyan ambaliya. Nawa kenan, ba shi ne labarin ba.

Gidan Yaya har ranar Lahadi lafiya lau, har can muka yi niyyar komawa. Sai ran Litinin ruwa ya fara tasowa, kuma ba daga sama ba, ta magudanun titi yake bullowa, a natse, ba igiya ba ƙara, yana hawa kamar ana cika bahon wanka. A ranar ne da yawa daga cikin mutanen unguwar suka fara sanin inda suke zaune. Filin nan da muke kai yara ashe cikin madatsar ruwa ne. Sojojin injiniya na Amurka ne suka gina madatsu biyu, Barker da Addicks, a shekarun 1940, bayan ambaliyar 1929 da ta 1935 sun yi wa tsakiyar Houston kaca-kaca, aikinsu su riƙe ruwa kar ya gangara ta rafin Buffalo ya ci cikin gari. Yawancin lokaci a bushe suke, shi ya sa aka yi filayen wasa a ciki. Matsalar ita ce gwamnati ba ta sayi duka ƙasar da ruwan zai iya kwantawa a kai ba in madatsar ta cika, ta sayi wani kaso, ragowar kuwa da gari ya faɗaɗa 'yan kasuwa suka yanka filaye suka gina dubban gidaje. A ɓangaren gundumar Fort Bend akwai gargaɗin a rubuce da ƙananan haruffa a jikin taswirar rabon filayen, cewa ana iya tara ruwa a nan da gangan, amma wa ke zuwa ofishin gunduma ya karanta wannan kafin ya sayi gida? Kuma taswirar FEMA ta ce shiyyar X. Tun da asubahin 28 ga wata aka fara buɗe ƙofofin madatsun don kar su fashe, sai na gaba da su suka sha ruwan da aka saki, na baya irin su Yaya suka sha wanda aka riƙe.

Da yamma wasu samari masu kwale-kwalen kamun kifi suka fito da su, Anti da jaka ɗaya ta fasfo da takardun yara, ƙaramin a kafaɗar Yaya. Wani masallaci da ya buɗe ƙofa ga kowa da kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, nan muka haɗu da su. Babbar sallah ta faɗo ranar Juma'a 1 ga Satumba, a nan muka yi ta da kayan da aka ba mu sadaka.

Ruwa ya kai kusan ƙafa uku a cikin gidan kuma ya fi mako bai fita ba, don ba shi da wajen zuwa sai an sauke madatsar. Wanda bai san ginin Amurka ba zai ce to ai sai a share a shanya. Gidajen nan ba bulo da siminti bane, katako ne aka lulluɓe da wani allo na farar ƙasa da takarda, a tsakiya an cusa abu kamar auduga don zafi da sanyi. In ya sha ruwa, ga zafin Agusta ga ba wuta ba esi, cikin kwana biyu funfuna ta fara, kuma ruwan ba na sama bane zalla, ya gauraya da na masai da man mota da komai. Ranar da muka shiga warin sai da ya kore mu waje. Dole a yanke bango daga ƙasa har sama da inda ruwa ya tsaya, a fitar da kafet da katakon daɓe da ƙofofi da kabad ɗin kicin da firiji da injin wanki da katifu da kujeru, a tara a bakin titi. Duk unguwar haka take, tsibi-tsibi ya fi tsayin mutum, rayuwar kowa a waje.

Ga yadda inshorar ta yi aiki, da inda ta tsaya, don kar wani ya ɗauka da ka biya shikenan an share maka hawaye.

Tun suna masallaci Anti ta sa Yaya ya kira ya shigar da ƙorafi, hakan ya sa suka shiga layi da wuri, don masu tantance ɓarna sun yi kaɗan, daga wasu jihohi ma aka dinga kawo su. Ejan ta ce kar a jira mai tantancewa kafin a fara fitar da jiƙaƙƙen kaya, don funfunar da mai gida zai iya hanawa ya bari ta yaɗu ba a biya, amma kar a jefar da ko cokali sai an ɗauki hoto. Muka ɗauki hoton layin da ruwa ya bari a bango da tef ɗin awo a jiki, ciki da waje, muka ɗauki lambar jikin kowane inji, muka yanki ƙyallen kafet da guntun katakon daɓe muka ajiye a leda. Saboda girman abin FEMA ta sassauta wasu dokoki a lokacin, ta yarda a ba mutum kafin alƙalami har dala 5,000 tun ba a zo dubawa ba, ko har 20,000 in yana da hotuna da rasit, kuma takardar rantsuwar asara da aka saba bayarwa cikin kwana 60 aka ɗaga ta zuwa shekara guda. Wannan kuɗin farko shi ya sayi fankoki da injin tsotse danshi da kuɗin leburori.

Na gini bai ba da wahala sosai ba, sai dai abu biyu. Lissafin farko da mai tantancewa ya kawo ya yi ƙasa da abin da 'yan kwangila ke nema, don kaya da ma'aikata duk sun yi tsada a garin, sai da Yaya ya kai rubutaccen kiyasin ɗan kwangila layi-layi aka yi masa ƙari. Na biyu, cek ɗin ginin ba da sunansa kaɗai ya fito ba, har da kamfanin da ke da kaso a gidan, su suka riƙe kuɗin suna saki kashi-kashi, a yi aiki su turo a duba sannan su saki na gaba, ranar da suka yi jinkiri aiki ya tsaya. Akwai kuma kason da mai gida ke fara ɗauka da kansa, nasa dala 1,250 ne, kuma sau biyu ake cirewa, ɗaya a gini ɗaya a kaya.

Kayan ciki ne ya ba Anti kuka. Su ba a biyan kuɗin sabo, sai a kimanta abin da kayan ya kai a ranar bayan an cire tsufa, kuma kai za ka rubuto komai ɗaya bayan ɗaya, me ne ne, yaushe aka saya, nawa. Talabijin da firiji da sauƙi, ana ganin farashinsu a intanet. To akwatunan lefenta fa? Leshi da atamfa da shadda da mayafai da tun daga Kantin Kwari aka sayo su, wasu ko ɗinkawa ba a yi ba tana ajiye wa 'yarta, duk suna ƙasan kabad, rini ya zuba ya haɗe, funfuna ta cinye. Ba rasit, wa ke karɓar rasit a Kwari? Shi kuma mai tantancewa bawan Allah yadi kawai yake gani, bai san turmi ɗaya na wani leshin ya fi kujerar falon tsada ba. Sai da muka zauna dare uku muna nemo shagunan da ke sayar da irinsu a intanet muna buga farashin, muna haɗawa da hotunan biki inda take sanye da su, sannan aka karɓi wani kaso. Sarƙa da 'yan kunne na gwal kuwa, da duk abin da suke kira kayan alfarma, gaba ɗaya iyakarsu dala 2,500 ne komai yawansu, Allah ya taimaka nata suna sama. Tsabar kuɗi ba a biya. Littattafan Yaya na addini da ya kwaso tun daga gida an biya wani abu, amma wasu bugun ba a samunsu kuma.

Sai abubuwan da ba ta taɓa ba sam. Hayar gidan da suka zauna wata bakwai ana gyara, inshorar ambaliya ta gwamnati ba ta biyan wannan, ga shi kuma biyan gidan da ba a ciki bai tsaya ba. Shingen katako da ciyawa da duk abin da ke tsakar gida, babu. Motoci biyu da suka nutse a gareji, wannan sai inshorar mota, ɗaya tana da cikakkiya aka biya, ɗayar mai ƙaramar inshora ce ta tafi a haka. Saboda haka ko da inshorar sai da suka ci bashin dangi. Amma gidan ya dawo, a watan Afrilun 2018 suka koma, kuma abin da aka biya su ya ninka abin da suka zuba a shekara biyun nan fiye da sau ɗari.

Gida na uku daga nasu akwai wani dattijo, Musulmi ne daga wata ƙasar Asiya, mutumin kirki, shi ke ɗaukar Yaya zuwa asuba wani lokacin. Ya gama biyan gidansa tas, shi ne duk abin da ya tara a shekara talatin na aiki, kuma bai yi inshorar ba, wani ɓangare don taswira ta ce ba dole, wani ɓangare don zuciyarsa ba ta kwanta da hukuncin ba. Mutane da yawa suna ɗauka in bala'i ya zo gwamnati za ta gina maka gida. Tallafin FEMA a shekarar iyakarsa dala 33,300 ne, kuma mafi yawan mutane ko kusa da haka ba su samu ba, an yi shi ne don gida ya zaunu ba don ya koma yadda yake ba. Abin da ya rage sai rancen gwamnati na masu bala'i, wanda a lokacin ya kai har dala 200,000 na gyaran gida, mai sauƙin kuɗin ruwa amma dai da kuɗin ruwan. Ranar da ya zo wajen Yaya da takardar rancen a hannu yana tambaya ko akwai malamin da zai ce masa lalura ce, idonsa ya kawo ƙwalla, mu ma haka. Bai karɓa ba. Ya sayar da gidan a yadda yake, bango a yanke, ga masu yawo unguwa-unguwa da tsabar kuɗi suna saye a wulaƙance, ya koma wajen ɗansa a wata jiha. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan, ya tsaya a kan abin da ya yi imani da shi har ƙarshe. Abin da ke ci min rai shi ne bai taɓa sanin a cikin madatsa yake zaune ba, da ya sani wataƙila da tun farko bai saya a nan ba. Kuma ba shi kaɗai bane, a gundumar Harris kaɗai gidaje sama da 150,000 ruwa ya shiga, mafi yawansu a wajen layin nan na shekara ɗari suke, kuma mafi yawan masu su ba su da inshorar ambaliya.

Bayan nan abubuwa sun ɗan canza. Masu gidajen bayan madatsun sun kai gwamnatin tarayya kotu, a Disambar 2019 alƙali Charles Lettow ya yanke cewa gwamnati ce ke da alhakin ruwan da ta tara a kan dukiyar mutane, sai dai shari'a irin wannan shekaru take ja, ba da ita ake gyara bango ba. Jihar Texas ta yi doka a 2019 cewa mai sayar da gida dole ya faɗa a rubuce in gidan yana cikin tafkin madatsa ko ya taɓa shan ruwa, daga 2022 kuma masu ba da haya ma dole su sanar da ɗan haya. Shi kansa shirin NFIP, majalisa ta yafe masa bashin dala biliyan 16 a Oktoban 2017 amma har yanzu ana binsa sama da biliyan 20, sannan daga Oktoban 2021 suka sauya yadda suke sa farashi, yanzu gida-gida ake dubawa, nisansa da ruwa da tsayin daɓensa da kuɗin sake gina shi. Rahusar nan da Yaya ya samu an soke ta, kuɗinsa na hawa duk shekara, doka dai ta hana a ƙara wa gidan zama fiye da kashi 18 a shekara ɗaya.

A Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Maiduguri, muna falon Yaya muna kallon bidiyon a waya, mutane a kan rufi, mata da yara a ka suna ratsa ruwa har ƙirji. Anti ta tashi ta shiga ɗaki, ba ta iya ƙarasa kallo ba. A daren Yaya ya kira ƙaninmu da ke kula da gidan da ya gina wa Hajiya a Kano, yace gobe ya je ofishin ɗaya daga cikin kamfanonin takaful ɗin nan masu lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da inshora a Najeriya, ya tambayi ta gobara da sauran haɗura, kuma kar ya sa hannu sai ya ga kalmar ambaliya da idonsa a cikin takardar, ya tambaya ko ginin kaɗai ne ko har da kaya, da kuma kwana nawa ake ba mutum ya kai rahoto. Yace ya ɗauki hoton kowane ɗaki da kowane akwatin Hajiya ya turo.

Ni ma tun Oktoban 2017 nake da tawa ta kayan ɗaki, duk da yanzu a hawa na biyu nake. Ta Yaya kuwa tana zuwa duk watan Afrilu, kuma ba ta ƙara shiga mota ba, Anti ke karɓa ta biya a ranar, ta sa rasit ɗin a jakar nan ta fasfo da ke rataye a bayan ƙofar ɗakin sama.